Anti Rakiya, Wadda Ta Fara Gane Ciwon Gidanmu

Anti Rakiya ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin yin allurata kafin karin kumallo, saƙon ɗanta ya shigo wayata. Ya ce jiya bayan azahar Allah Ya yi mata cikawa a Salka, an kai ta kafin magariba. Ya ce ya kira ni sau uku ban ɗauka ba. Ban ji ƙarar wayar ba ne.

Na zauna a bakin gado da sirinji a hannu, na rasa ko na yi allurar ko ban yi ba. Sai da 'yata Maryam ta shigo ta duba, ta ce maganin yana ciki har yanzu.

Waɗanda suka zauna a Kontagora a ƙarshen shekarun tamanin zuwa na casa'in za su tuna ta. Sista Rakiya, nas. Doguwa ce baƙa, mai saurin tafiya. Bakambariya ce 'yar Salka, Hausarta ma da ka ji ka san ba ita ta fara sha a nono ba. Takan ce wa mace "ya zo", mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Tana haya gida biyu bayan namu. Ta girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa nake ce mata Anti. Ita kuma tun ranar da na fara koyarwa a firamare ta daina kiran sunana, sai Malama.

Zan yi dogon rubutu yau, ku yi haƙuri da ni. Akwai abin da na yi wa matar nan wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekarar da na fara aiki ne mahaifiyarmu, Iya, ta fara ramewa. Babanmu ya riga ya rasu. Mu uku ne a gabanta: Yaya Sani, ni, da ƙanwata Safiya. Iya tana ci ba ta ƙoshi, tana shan ruwa kamar ana zubawa a rairayi. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta zagaya shi sau biyu. Ga kunnenta ya fara nauyi, sai ka kira ta sau uku kafin ta waiwayo.

An ce iska ce. An ce hannun mutum ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kawo saiwoyi daga ƙauye. Iya dai sai ƙara zubewa take yi.

Wata ranar Asabar Anti Rakiya ta shigo aron turmi. Ta gaida Iya, ta daɗe tana kallonta. Ta zaga makewayi, da ta fito sai ta yafito ni.

Ta ce, "Malama, zo ki ga wani abu."

Tururuwa ne suka yi baƙi a wurin da Iya ta yi fitsari.

Ta ce, "Gobe da sassafe ki ɗebo mini nata na farko a kwalba mai tsabta. Kada ki ce mata komai tukuna."

Na kai mata asibiti. A gabana aka ɗiga shi cikin wani ruwa shuɗi a siririyar kwalba, aka ɗora a kan wuta. Ya koma kore, ya koma rawaya, ya ƙare ja kamar jar ƙasa. Anti Rakiya ta dafa kafaɗata ta ce, "Suga ne. Ba iska ba ce. Kuma ana zama da shi."

Na ce mata ba zai yiwu ba. A lokacin, ciwon suga a wurinmu ciwon masu ƙiba ne, manyan 'yan kasuwa masu tumbi. Iya ko a ƙuruciyarta ba ta taɓa yin jiki ba.

Ta ce, "Ni ma abin da ya ba ni mamaki ke nan."

Likita ya fara da ƙwaya, ba ta yi ba. Aka koma allurar insulin, kullum.

Ba mu da firij. Ko da muna da shi ma, wuta sai ta yi kwana uku ba a kawo ba. Anti Rakiya ce ta nemo gwangwani mai murfi, ta sa kwalbar maganin ciki, ta binne shi rabi a jiƙaƙƙen rairayin gindin randarmu. Ta ce kada rairayin ya bushe ko da rana ɗaya.

Kullum da safe kafin ta tafi aiki sai ta biyo gidanmu da farin kayanta. Ta dafa sirinjin gilas a wata 'yar tukunya da ta hana kowa taɓawa, ta jira ya huce, ta yi wa Iya allura, ta wuce. Ba dangin Iya ba ce, ba kuma aikinta ba ne. Ta yi wata da watanni a haka, har da ranakun da ruwan sama ya kwana yana zuba.

Daga baya ta ce dole in koya. Ta kawo lemo ta ce in yi ta sokawa. Ranar da zan fara yi wa Iya, hannuna ya dinga rawa.

Ta ce, "Ki bar shi ya gama rawarsa. Iya ba sauri take ba."

Iya mai son koko da suga ce, da tuwon shinkafa. Da aka hana ta, sai ta yi fushi da abinci gaba ɗaya. Anti Rakiya ba ta yi mata wa'azi ba. Takan dafo wake da zogale a gidanta, ta kawo, ta wanke hannu ta zauna su ci a kwano ɗaya. Da la'asar kuma ta riƙo hannunta su taka har bakin famfo su dawo. Takan ce jikin da ake motsawa ya fi shanye suga.

Ita ce ta hana mu yi wa Iya ihu. Ta ce, "Ku tsaya gabanta ta ga bakinku. Ihu yana sa mutum ya ji kamar ana yi masa faɗa."

Ita ce ta sa muka ajiye suga mai ƙwaya a gwangwani a kan taga. Na ce, mai ciwon suga da ajiyar suga? Ta ce wata rana zan gane. Wata rana kuwa da tsakar rana na dawo daga makaranta na tarar da Iya tana gumi, tana maganar da ba ta da kai. Na tura mata ƙwayar suga uku a baki. Kafin a jima ta dawo hayyacinta tana tambayata dalilin kukana.

Iya ta murmure. Ta koma suyar ƙuli-ƙulinta. Duk unguwa an san albarkacin wa.

Bayan shekara huɗu ko biyar, Yaya Sani ya fara. Direba ne, yana jigilar hatsi daga Kasuwan Garba. Ya fara tsayawa fitsari a hanya har masu kayan suna ƙorafi, ya fara ramewa, kuma ana yi masa hon a baya ba ya ji. Aka auna, suga. A tsakanin nan Inna Abu, ƙanwar Iya, ita ma ta kamu, da babbar 'yarta. Kawunmu Bala, wan su Iya, dama ya daɗe da nasa, da shi da nauyin kunne.

Wata ranar Lahadi da hantsi Anti Rakiya ta aiko in je. Na tarar da ita a ɗakinta da wani tsohon katin asibiti, ta rubuta sunayen danginmu a bayansa, ta ja layuka.

Ta ce, "Malama, kakarku, wadda ta haifi Iya, tana ji sosai?"

Na ce a'a. Tun muna yara Kaka Kurma muke ce mata.

"Mai jiki ce?"

"Siririya ce."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Duba nan. Kaka ta haifi Kawu Bala, da Iya, da Inna Abu. Duka ukun suna da shi. 'Ya'yan Iya, ya fara taɓa Sani. 'Ya'yan Inna Abu, ya fara taɓa babbar. To, 'ya'yan Kawu Bala fa? Su tara ne, wasu sun girme ki nesa. Na auna su duka. Ko ɗaya babu."

Na ce to, sai me?

Ta ce, "Na gaya wa likita, ya ce ai kowa ya san suga gado ne. Amma ni abin da nake gani, wannan naku ta mata yake bi. Namiji yana kamuwa, amma a kansa yake tsayawa. Mace ce take miƙa wa 'ya'yanta. Kuma tare da kunne yake zuwa."

Ta ƙara da cewa, "Ban karanta shi a littafi ba, ƙila ma ban yi daidai ba. Ba don in tsorata ki na kira ki ba. Ki dinga auna kanki duk shekara. Ki kawo mini Safiya ita ma. In an kama shi da wuri, ba ya yin ɓarnar da ya yi wa Iya. Kuma maganar nan daga ni sai ke."

Na fita ko sallama ban yi mata da kyau ba. A kunnena, abin da ta ce shi ne Iya ce ta cuce mu, ni ma kuma zan cuci duk ɗan da na haifa. Na kwana da abin a raina.

Washegari Litinin, a ofishin malamai lokacin hutun tara, bakina ya kasa shiru. Mu huɗu ne a ciki. Na ce, "Wai ku ji abin da nas ɗin nan ta unguwarmu take cewa. Wai matan gidanmu ne suke haifar masu ciwon suga da kurame." Na faɗa ne don a taya ni jin haushi. Aka taya ni kuwa.

Ɗaya daga cikin malaman nan ƙanwar mahaifiyar yaron da zai auri Safiya ce. Na san da haka. Ban dai tuna ba sai da maganar ta fita.

A lokacin an riga an sa ranar Safiya, bayan babbar Sallah. Ita ta zaɓe shi, shi ma yana sonta, sun fi shekara biyu tare. Ba a yi sati biyu ba sai ga wasu dattawa biyu daga gidansu. Suka yi ta zagaye-zagaye, a ƙarshe suka ce a yi haƙuri, sun sami labarin da ya sa za su janye.

Safiya ta yi kwana biyu ba ta fito daga ɗaki ba. Iya ba ta ji abin da dattawan suka ce ba, sai da aka tsaya gabanta aka maimaita mata a hankali. Ina kallon fuskarta lokacin da ta gane. Ta ce, "Ashe ni ce."

Yaya Sani ya ce wa ya fitar da wannan magana? Ya amsa wa kansa, ya ce ai mutum ɗaya ce take bin dangi gida-gida tana aune-aune. Nas ɗin nan ce.

Ina tsaye a wurin. Na yi shiru.

Da a shirun na tsaya ma da sauƙi. Da yamma na fita na same ta a bakin famfo, mata cike da wurin. Na ce mata ta shigo gidanmu ta ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, ta fita ta yi tallanmu a gari. Na ce ta kashe wa yarinya aure. Na ce dama mun yi kuskuren sakin jiki da wadda ba mu san asalinta ba. Wannan ta ƙarshen har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ina faɗa, ina sane da cewa ni ce.

Ta sauke bokitinta. Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, kin gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Maganin Iya saura na kwana huɗu. Ki je ranar Laraba ki karɓo, kada ki bari sai ya ƙare."

Ta ɗauki ruwanta ta tafi.

Daga ranar na daina gaishe ta. In na hango farin kayanta sai in sake hanya. Mata a unguwa suka fara ja baya da ita, wasu suka daina kiranta in yaransu ba lafiya, wai bakinta ba ya ajiye magana. Ba ta taɓa fitowa ta wanke kanta ba.

Na yi aure na koma wata unguwa, amma kullum da safe nakan biyo in yi wa Iya allura kafin in wuce makaranta. Wajen tsakiyar shekarun casa'in ƙodarta ta fara ba da matsala. Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Rakiya ta ce kada a sa mai a tsakanin yatsu."

Na ce, "Yaushe kika ga Rakiya?"

Ta ce, "Duk Alhamis tana zuwa, in kin tafi makaranta. Ta duba mini ƙafa, ta yanke mini farce. Ba ta taɓa fashi ba."

Shekara uku ke nan ba na yi mata magana.

Da Iya ta rasu ta zo zaman makoki kwana uku a jere. Takan zauna can bakin ƙofa. Da ta yi mini gaisuwa, da rabin baki na amsa, kaina a ƙasa. Mutane sun ɗauka fushi ne. Kunya ce ta hana ni kallonta.

Ba a daɗe ba aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti a Sahon Rami. Daga can ta yi ritaya ta koma Salka. Na ce wata rana zan je. Na yi ta cewa wata rana.

Safiya ta yi aure bayan shekara huɗu, ta sami mutumin kirki, ta hayayyafa. Amma fara'arta ta da ba ta dawo duka ba.

Ni kuwa, duk da abin da na yi, maganar Anti Rakiya ban yar da ita ba. Duk shekara nakan je a auna ni, a ɓoye. Ina da shekara talatin da takwas aka ga ya fara hawa. Don an kama shi da wuri ne nake da idona da ƙafafuna har yau. Kunnen ne ya ƙi. Na hagu ya tafi, na dama sai da na'ura. Safiya ma nata ya fito bayan nawa, shi ma da wuri aka kama, don na matsa mata.

Maryam ta tashi tana ganin allura a hannuna kullum. Da ta shiga jami'a ta zaɓi bayokemistiri, wato ilimin sinadaran jiki, yanzu tana digiri na biyu. Shekara biyu da suka wuce ta dawo hutu, muna tsince wake, na tambaye ta wai me take bincike a kai ne haka da ba ta samun barci.

Ta ce, "Umma, a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu ƙananan abubuwa, mitokondiriya. Su ne suke ƙona abincin da muka ci su mayar da shi ƙarfi. Da an ɗauka iyakar aikinsu ke nan. Yanzu an gano suna fitar da wasu 'yan ƙananan sinadarai, ana ce musu peptaid, masu shiga jini su taimaka wa tsoka ta ɗauki suga. Ana ganin motsa jiki yana ƙara su. A kansu nake aiki."

Na ce to magani ne za a samu?

Ta ce, "Tukuna. Bincike ne har yanzu. Duk wanda ya ce yana sayar da shi a matsayin maganin suga, a yi hankali da shi."

Sai ta ƙara da cewa, "Abin da ya ja ni gare su, su mitokondiriyan nan daga uwa kaɗai ake gadonsu. Uba ba ya bayarwa. In akwai tangarɗa a cikinsu, akwai wani irin ciwon suga da yake zuwa tare da nauyin kunne, kuma yawanci masu shi ba su da ƙiba. Ban ce shi ne namu ba sai an yi gwaji na musamman. Amma ki duba danginmu, Umma."

Na ajiye faifan waken. Na ce mata wata nas ta faɗa mini haka tun kafin a haife ta.

Maryam ta ce, "A Kontagora? A wancan lokacin? Da wane kayan aiki?"

Na ce da bayan kati da biro.

Na kalli 'yata a ranar, na gane ba don sha'awa kawai take wannan karatu ba. Ta san abin da wataƙila yake jiranta, ita da 'ya'yan da za ta haifa. Duk wata shida take auna kanta.

Bara, bayan ƙaramar Sallah, na je tasha in karɓi saƙo. Sai na hango wata tsohuwa a gaban motar Salka, ana jira ta cika, da sanda a tsakanin gwiwoyinta. Ta rame, ta ranƙwafa. Amma na gane ta.

Na tsaya ina shawarar in wuce. Ƙafata ce ta kai ni.

Na yi sallama. Ta kanne ido tana dubana, ashe asibitin ido ta zo. Can ta ce, "Malama."

Na durƙusa a bakin ƙofar motar. Tambayarta ta farko, "Ya fito miki?"

Na ce ya fito, Anti.

"Allura ko ƙwaya?"

"Allura."

"Cire takalmi in gani."

A tsakiyar tasha, ni da furfurata, na cire takalmi. Ta sunkuyo ta shafa ƙafata da hannu, ta buɗa tsakanin yatsun. Ta ce, "Kina kula. Madalla."

Na ba ta labarin Maryam da abin da ta gaya mini. Na ce, "Anti, abin da kika zana a katin nan, haka yake a littafi yanzu."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ashe yana da suna." Ta sa na maimaita mata kalmar sau uku, ta gwada, ta kasa, ta ce a bar wa yara.

Daga nan na tattaro duk ƙarfin da nake da shi. Na ce, "Anti, maganar nan ta bakin famfo..."

A daidai lokacin direba ya tayar da mota. Ga ƙarar inji, ga masu kiran fasinja. Na'urar kunnena in hayaniya ta yi yawa sai ta haɗe komai ya zama ƙara ɗaya. Anti Rakiya ta kamo wuyan hannuna ta riƙe gam, ta fara magana. Ta daɗe tana yi. Na zuba wa bakinta ido yadda na saba, amma haƙoranta sun zube, leɓen ba ya nuna komai.

Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Ita ce wadda ta fi kowa sanin ciwon kunne. Da na ce mata ban ji ba, da ta sa direban ya kashe mota ta maimaita. Amma mutane suna kallo, sai na yi abin da masu irin lalurata muke yi. Na gyaɗa kai na ce, "To, Anti. In sha Allahu."

Ta sake ni, motar ta tashi.

Ban san me na amsa ba. Ban sani ba ko cewa ta yi ta yafe, ko wani abu ta roƙe ni in yi mata. Na ce zan bi ta Salka in ji da kyau a cikin ɗaki shiru. Sai aka ce hanya ba lafiya, a bari ta lafa. Sai azumi ya zo. Sai damina.

Sai saƙon safiyar yau.

Kafin in zauna rubuta wannan na sa Maryam ta kai ni gidan Safiya. Na ce ba zan gaya wa duniya abin da ban gaya mata ba. Na same ta a tsakar gida, ita ma ta ji rasuwar, idonta ya yi ja. Na zauna gabanta na faɗa mata komai. Ofishin malamai, ranar Litinin, da wadda take zaune a wurin. Na ce ni ce na kashe mata aurenta na farko, ba Anti Rakiya ba.

Safiya ta matso kusa, ta juyo da fuskarta saitin tawa don in ga bakinta.

Ta ce, "Yaya, na sani."

Na ce tun yaushe?

Ta ce, "Tun a watan. Wanda zai aure ni ɗin da kansa ya aiko mini da takarda, ya faɗi inda ƙanwar mahaifiyarsa ta ji. Na ɗauki takardar na kai wa Anti Rakiya, na ce zan karanta ta a gaban Yaya Sani da duk matan unguwa. Ta karɓa ta karanta, ta miƙo mini. Ta ce, 'Ki bar yayarki. Ita take yi wa Iya allura kullum. In gidan ya juya mata baya ta daina, wa zai yi? Ni ba za su ƙara bari in shigo da safe ba.' Ta sa na yi mata alkawari."

Na ce, ke kuma duk shekarun nan kina kallona?

Ta ce, "Na yi fushi da ke, na daɗe ina yi. Ya wuce. Jira nake ki faɗa da bakinki."

Ashe ranar da na tsaya a bakin famfo ina zaginta, ko ba ta da tabbas, ta san ita dai ba ta faɗa wa kowa ba sai ni. Bayan 'yan kwanaki kuma ta ga shaida a rubuce. Ta zaɓi ta ɗauki sunan mai tona asiri a unguwar da take baƙuwa, don kada wata tsohuwa ta rasa allurarta ta safe.

Duk wanda ya zauna unguwarmu a lokacin, ko ya ji daga bakin iyayensa cewa Sista Rakiya ba ta riƙe sirri, yau ina shaida muku ƙarya ce, kuma ni na ƙirƙire ta. A faɗa wa wanda bai gani ba. Gobe in Allah Ya kai mu ni da Safiya za mu tafi Salka, zan maimaita wannan a gaban 'ya'yanta.

Ya Allah, ga baiwarKa Rakiya ta zo gare Ka. Ka san ƙafafun da ta wanke da safiyoyin da ta yi sammako saboda marasa lafiyan da ba nata ba. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya ta a Aljannar Firdausi. Yadda ta rufa mini asiri alhali na cuce ta, Ka rufa mata nata ranar tsayuwa. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Ka ji ƙan Iya da duk iyayenmu da suka riga mu.

Ni kuma Ka yafe mini, Ka sa abin da ta faɗa mini a tashar nan yafiya ce.

Don Allah, duk wanda ya karanta har nan, ya tsaya minti ɗaya ya yi mata addu'a da sunanta. In da hali, a sa ni a ciki.